Matan da aka binne tare da maganarsu: muhawara a zauren mata da mazan Sakkwato

Hajiya Inno, Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman izinin masu kula da zaure in kawo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ranar 25 ga Nuwamba tana ƙaratowa, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 1999 domin yaƙi da cin zarafin mata, kuma ina son mu yi shawara ko za mu haɗu mu yi addu'a ga matan da suka rasa rayukansu a hannun waɗanda aka ba amanarsu, sannan mu tattauna abin da za mu iya yi a unguwanninmu.

Dalilina shi ne wata maƙwabciyata da ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Yarinya ce da ba ta kai shekara ashirin ba, mai kunya, wadda takan leƙo gidana da yamma ta taya ni tsince shinkafa. Sau uku tana yin yaji zuwa gidan iyayenta, sau uku ana maido ta da cewa ta yi haƙuri, aure ibada ne, kuma kowace mace da irin nata. Ranar da ta rasu tana da cikin wata bakwai, aka ce santsi ne ya ɗebe ta a bakin rijiya. Ina cikin matan da suka yi mata wanka, kuma abin da idona ya gani a bayanta da haƙarƙarinta ba aikin santsi ba ne. Na ja bakina na yi shiru, sauran matan ma suka yi shiru, aka kai ta makwancinta, aka yi zaman makoki, aka watse. Mijin ya sake aure kafin shekara ta zagayo. Tun daga lokacin ban taɓa jin an ambace ta ba, kamar ba a taɓa yin ta ba, kuma ni ma ina da kaso a cikin wannan shirun.

Malam Na'ibi, Gidan Igwai:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan wannan baiwa tasa, ya sa wahalar da ta sha ta zama kaffara, ke kuma Hajiya Allah ya ba ki ladan wanka. Ba ni da ja game da haramcin zalunci, domin Nana Aisha ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba, kuma shi ne ya ce mafi alherinmu shi ne mafi alheri ga iyalinsa. Sai dai ina da damuwa guda biyu. Ta farko ita ce ranar kanta, wadda wasu suka ware a wata nahiya bisa tarihinsu, ban ga abin da zai hana mu yi addu'a da wa'azi a kowace rana ta Allah ba. Ta biyu kuwa, malamai sun karantar da cewa mai wankan gawa amintacce ne, ana son ya rufe abin da ya gani. Ina tsoron kada taron tunawa ya koma wurin tonon asiri da nuna yatsa ga gidajen mutane.

Malama Uwani, Runjin Sambo:
Allah ya gafarta Malam, ina neman afuwa in tofa albarkacin bakina a kan damuwa ta biyu, domin ita ce ta fi nauyi. Abin da muka karanta shi ne mai wanka ya suturta aibin mamaci, wato abin da zai zubar da mutuncinsa idan aka faɗa. Tabon duka a jikin mace ba aibinta ba ne, shaida ce a kan wanda ya yi mata shi. Idan aka rufe shi, ba ita aka suturta ba, an suturta wanda yake raye yana shirin ɗauko 'yar wani. Allah ya hana ɓoye shaida a ƙarshen Suratul Baƙara, kuma a Suratut Takwir ya ce za a tambayi yarinyar da aka binne da rai da wane laifi aka kashe ta. Tun ina ƙarama wannan aya take girgiza ni, domin yarinyar ba ta da kabari sananne, ba ta da mai kuka a kanta, amma Ubangiji bai bar maganarta ta bi ruwa ba.

Game da tunawa da mata kuma, mu Sakkwatawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi marsiyyoyi ga mata, har da waɗanda ba 'ya'yan sarauta ba, ta ambaci halayensu na kirki don kada a manta da su. Ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa mata malamai da ake kira jaji, ta sa musu malfa, su shiga ƙauyuka su karantar da mata. Mahaifinta kuma, Shehu Usmanu, a cikin Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje. Wanda ya bi ta Hubbare, inda kabarin Shehu yake, ya yi musu addu'a, ya kamata ya tuna cewa wannan ma yana cikin abin da suka bar mana.

Abdul Ɗalibi, Dundaye:
Gaisuwa ga iyayena da ke wannan zaure. Ina so in ƙara bayani a kan asalin ranar, domin sanin asalin zai taimaka wa Malam wajen yin hukunci. A ranar 25 ga Nuwamba 1960 aka kashe wasu mata uku 'yan gida ɗaya a Jamhuriyar Dominika, 'yan gidan Mirabal, wato Patria da Minerva da Maria Teresa, saboda adawarsu da mulkin kama-karya na Rafael Trujillo. Abin da ya ja hankalina shi ne bayan an kashe su an saka gawarwakinsu a mota an tura ta rami don a ce haɗari ne. Da na karanta labarin Hajiya na santsi a bakin rijiya sai na ga dabarar ɗaya ce, ko da ƙasa ta bambanta. A 1981 mata suka yi taro a Bogota suka zaɓi ranar, daga baya Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita.

Daga wannan rana ake fara kwanaki 16 na gangami, waɗanda aka soma a 1991, ana ƙarewa 10 ga Disamba. A tsakiyarsu akwai 6 ga Disamba, ranar da a 1989 wani mutum ya shiga makarantar koyon injiniyanci a birnin Montiriyal na Kanada, ya ware maza daga mata a cikin aji, ya kashe mata 14 don kawai su mata ne. Kanada ta mai da ranar ta tunawa ta ƙasa, kowace shekara ana karanta sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Bayan wannan kisa ne wasu maza a can suka fara ɗaura farin ƙyalle a 1991, alamar alkawarin cewa ba za su ci zarafin mace ba, kuma ba za su yi shiru idan sun gani ba. Ba ibada ba ce, ba kuma biki ba ne, lokaci ne da hukumomi da gidajen rediyo suke buɗe kunne, shi ya sa nake ganin amfani da shi ba laifi.

Alhaji Ɗanbaba, Kasuwar Daji:
Ni ɗan kasuwa ne, ba malami ba, amma zan faɗi abin da maza da yawa suke faɗa a majalisa ba sa faɗa a nan. Akwai mazan da matansu suke gallaza musu, akwai kuma wanda aka yi wa ƙazafi mutuncinsa ya zube, daga baya gaskiya ta fito amma ba wanda ya dawo masa da sunansa. Sannan duk lokacin da aka shigo da hukuma cikin maganar aure, auren ya mutu ke nan, 'ya'ya su watse. Iyayenmu sun zauna lafiya da sulhun dattawa, me ya sa yanzu komai sai kotu?

Barista Hadiza, Arkilla:
Alhaji, ranka ya daɗe, tambayarka tana kan hanya kuma ta cancanci amsa a natse. Dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a watan Mayun 2015, kuma sunanta ma bai ce mata kaɗai ba, ya ce mutane. Namijin da matarsa ta watsa masa ruwan zafi yana da hurumin kai ƙara ƙarƙashinta, haka yaron da aka yi wa fyaɗe, domin ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe ta haɗa da maza. Da farko a Abuja kaɗai take aiki, sai jiha ta amince da ita, kuma jiharmu ta yi hakan a 2021 lokacin da Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a kanta tare da dokar kare yara. Dokar ta tarayya ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai fyaɗe, ta kuma hukunta korar mace daga gida da ƙarfi, da barin iyali ba ci ba sha, da azabtar da matar da mijinta ya rasu, sannan ta ba kotu ikon ba da umarnin kariya don nesanta mai cutarwa kafin a kai ga jini. Tun 2019 kuma akwai kundin ƙasa na sunayen waɗanda kotu ta samu da laifin fyaɗe, a hannun hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP.

Maganar sulhu kuma, ba wanda yake son a kashe aure saboda cacar baki ko kuɗin cefane. Alƙur'ani da kansa ya ce a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Amma mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a suke bi ta ba mace damar neman alƙali ya raba auren idan ta tabbatar da cutarwa, ba tare da ta biya khul'i ba, kuma mata da yawa ba su san haka ba, sai su sayar da kayan ɗakinsu su fanshi kansu daga wanda ya karya musu hannu. Inda sulhu ya fi ɓarna shi ne a maganar fyaɗe. Na sha ganin shari'ar da ta fara da ƙarfi, sai dangin wanda ake tuhuma su bi dare da dattawa da 'yan kuɗi, washegari uban yarinya ya ce ya yafe, shaidu su daina zuwa, fayil ya kwanta. Wanda aka saki ta wannan hanya ya koyi darasi ɗaya, cewa abin yana da farashi kuma yana iya biya. Game da ƙazafi, kotu ce wurin da ake tantance shi da hujja, a majalisa kuwa ba mai wanke mutum.

Sista Rabi, Tudun Wada:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina roƙon kowa a wannan zaure ya riƙe abin da zan faɗa ya isar wa na gida. Idan aka yi wa yarinya ko mace fyaɗe, awa 72 na farko su ne masu tsada, domin a cikinsu ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau yake aiki, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Kada a yi mata wanka, kada a wanke ko a ƙona tufafin da ke jikinta, a kawo ta yadda take. Na san zuciyar uwa, abu na farko da take so shi ne ta wanke 'yarta da ruwan ɗumi ta gasa ta, amma wannan wankan ne yake tafiya da hujjar da likita zai rubuta. A nan garin akwai Cibiyar Nana Khadija a cikin Asibitin Ƙwararru, wadda aka buɗe a 2020 ƙarƙashin shirin Spotlight na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya, ana duba waɗanda aka ci zarafinsu kyauta, ana kuma ba su shawara cikin sirri.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yawancin waɗanda nake gani sai bayan makonni ake kawo su, lokacin da ciwo ya ci ƙarfi ko ciki ya bayyana. Idan ka tambayi uwar me ya sa, sai ta ce an hana ta fita da maganar kada yarinyar ta rasa mijin aure. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka ko makamancinsa tun daga shekara 15, kuma fiye da rabin waɗanda aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duniya baki ɗaya kusan mace ɗaya ce cikin uku. Waɗanda suke isowa gadon asibiti 'yan kaɗan ne daga cikinsu.

Goggo Ta-Sabon-Birni, yanzu a Dambuwa:
Ku yi mini haƙuri, 'yata ce take rubuta mini. Duk abin da kuka faɗa na cikin gari ne, inda akwai asibiti da alƙali. Mu da muka baro gabas, daga Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, muna da matan da 'yan bindiga suka ɗauke, wasu ba su dawo ba, ba a ga gawa ba balle a yi musu sallah. Wasu an sayar da gona da shanu an karɓo su, amma da suka dawo sai wata wahalar ta fara, domin akwai mijin da ya ƙi haɗa shimfiɗa da matarsa, akwai kishiyar da take goranta mata, akwai wadda ta dawo da ciki ba mai son ya ji sunan abin da za ta haifa. Ɗiyar ƙanwata tun da ta dawo ba ta magana sai an tambaye ta, da dare kuma ko ƙarar babur ta ji sai ta shige ƙarƙashin gado. Idan za ku yi addu'a ku saka da waɗanda ba su da kabari, kuma ku roƙi malamai su faɗa a kan mumbari cewa wadda aka tilasta ba ta da laifi, domin maza sun fi jin maganar liman a kan tamu.

Malam Na'ibi, Gidan Igwai:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Goggo, wannan magana haƙƙi ce a kanmu, kuma hukuncin a fili yake: wadda aka tilasta babu zunubi a kanta, babu haddi, kuma mai goranta mata shi ne mai laifi a wurin Allah. Na ɗauki alkawarin kai wannan ga limaminmu don ya shiga huɗuba. Malama Uwani kuma, na karɓi gyaranki a kan suturar mamaci, bambancin da kika kawo daidai ne, kuma ya tuna mini da Khaulatu 'yar Sa'alaba wadda ta kai ƙarar mijinta ga Annabi, Allah ya saukar da farkon Suratul Mujadala yana cewa ya ji maganarta. Ba a ce mata ta koma ta rufa asiri ba. A kan ranar dai har yanzu ina nan a kan ra'ayina, na fi son a yi taron ba tare da jingina shi ga 25 ga wata ba, amma wannan ba zai hana ni zuwa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne karanta sunaye a bainar jama'a kamar yadda Abdul ya ce ana yi a Kanada, domin a nan sunan mace ɗaya yana jawo sunan gida guda, da 'ya'yan da ta bari waɗanda ba su san komai ba.

Barista Hadiza, Arkilla:
A nan ina tare da Malam, ko da yake dalilina ya ɗan bambanta. Waɗanda aka karanta sunayensu a can, an tabbatar da yadda suka mutu kuma danginsu sun yarda. Idan muka ambaci sunan wadda kotu ba ta yi hukunci a kan mutuwarta ba, mun tuhumi wani da kisa ba tare da shari'a ba, kuma yana iya kai mu ƙara. Waɗanda suke raye kuwa, doka ma ta kare sirrinsu. Amma akwai abin da ya fi karanta suna amfani, shi ne rakiya. A watan Yunin 2020 gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe bayan kashe wata ɗaliba a Benin da wata a Ibadan, aka yi ta magana na 'yan makonni, sannan hankali ya koma wani wuri. Shari'a kuwa tana ɗaukar watanni, wani lokaci shekaru, kuma talaka yakan gaji ne a kuɗin mota da ɗage zama. Idan zauren nan zai samar da mutum biyu da za su riƙa raka uwa zuwa kotu duk ranar zama, da ɗan asusu na kuɗin Keke Napep, na tabbata za a ga shari'o'in da suka kai ƙarshe.

Alhaji Ɗanbaba, Kasuwar Daji:
Barista, ban sauka daga ra'ayina na cewa a fara da dattawa a rikicin ma'aurata ba, kuma ina so a rubuta cewa na faɗa. Amma a kan fyaɗe ba ni da ta cewa, na taɓa zama a irin wannan sulhun shekarun baya, na ga an ƙirga kuɗi a kan tabarma, kuma yarinyar tana ɗaki ba wanda ya tambaye ta komai. Har yau idan na tuna ba na jin daɗin kaina. A saka sunana cikin masu ba da kuɗin motar duk wata. Ina kuma ba da shawarar a gayyaci masu unguwanni, domin ƙofarsu ake fara bugawa, kuma a nan ne yawancin maganganun suke mutuwa.

Malama Uwani, Runjin Sambo:
Na yi magana da shugabar Islamiyyarmu, ta amince a yi amfani da harabar makaranta ranar Asabar bayan La'asar, mata a ciki, maza a rumfar waje, da lasifika ɗaya. Sista Rabi za ta yi bayanin awa 72 da Hausar da kowa zai gane, Barista ta yi na raba aure saboda cutarwa, Malam ya rufe da addu'a. Saura wanda zai kai takarda ga masu unguwanni, da wanda zai ɗauko su Goggo daga Dambuwa.

Abdul Ɗalibi, Dundaye:
Ni da abokaina biyu za mu kai takardun, kuma za mu zo da wasu samari daga jami'a, domin mu ne masu aure gobe. Ɗauko su Goggo ma a bar mana.

Hajiya Inno, Mabera:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na yarda ba za a karanta suna ba, kuma ni ma ba zan faɗi na maƙwabciyata ba. Amma tun jiya da na karanta maganar Malama Uwani ban runtsa ba, domin mahaifiyar yarinyar tana raye, ta tsufa, tana zaune wajen ɗanta, kuma ta taɓa tare ni a wani gidan suna ta riƙe hannuna ta ce, ke da kika yi mata wanka, da gaske faɗuwa ta yi? Na ce mata Allah ya riga ya yi ikonsa, na zame hannuna na tafi. Barista, ina so ki kira ni a keɓe ki faɗa mini abin da doka ta ce game da magana bayan shekara goma sha ɗaya. Malam kuma, ka taimake ni da lafazin da zan yi amfani da shi don kada in fama mata ciwo fiye da kima, domin na yi niyyar zuwa gaishe ta ranar Alhamis, kafin taron.